Tayar motar da ke jan tirela: lamba za ka saya ko haƙori?

Da bazarar bara, wajen ƙarfe biyu na rana, tayar baya ta hagu ta fashe mana jim kaɗan da wuce Gujungu. Hilux ce ta kawuna, mun ɗauko taki a bodi, a baya kuma muna jan injin casar shinkafa a kan ƙaramar tirela irin wadda masu walda ke haɗawa. Ƙarar kamar an harba bindigar toka. Mota ta yi hagu, tirela ta yi dama. Allah ya taimake mu babu mota a gabanmu, direban kuma bai danna birki da ƙarfi ba. Da muka sauka, tayar ta yi kaca-kaca, wayoyinta sun fito waje kamar tsohuwar tsintsiya. Abin da ya fi ƙona wa kawu rai shi ne wata biyar kacal da sayenta, zanenta ko rabi bai ci ba.

Mai facin da muka kai wa wilin dattijo ne. Ya zura hannu cikin gawar tayar, ya fito da baƙin gari cike da tafinsa.

"Alhaji, wannan ba ƙusa ba ce. Dahuwa ta yi daga ciki. Iska nawa kuke ba ta?"

Direba ya ce talatin a geji, wato psi 30. Wai da safe ya sa aka rage, saboda zafi, don kada ta fashe.

"To ai kai ka fasa ta, ɗana," in ji dattijon. Sai ya juya ga kawu, ya ɗora yatsa kan rubutun gefen tayar: "Wannan kuma, ranka ya daɗe, tayar yawo ce, ba ta lodi ba."

Tun daga ranar na daina kallon taya ta fuskar zanenta. Yawancinmu idan muka shiga Ƙofar Ruwa ko wani shagon taya, abin da muke fara tambaya shi ne sunan kamfani, sai mu dubi haƙoran tayar, mu danna da babban yatsa, mu yi ciniki. Ga motar da ke ɗaukar kaya tana kuma jan tirela a zafin Kano da Jigawa, wannan tsarin a kife yake. Lambar nauyi ce farko, sannan iskar da tayar ke buƙata, sannan shekarunta, sannan zane. Sunan kamfani shi ne autansu.

Abin da ke rubuce a gefen taya

Tayar da ta fashe mana an rubuta mata 265/65R17 112S. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 265. Ta biyu tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 ne cikin ɗari na faɗinta. R na nufin mai waya ce, 17 kuma girman wili ne a inci. Duk wannan girma ne kawai, kowane mai shago ya san shi. Inda maganar take shi ne 112. Ita ce ke faɗin iyakar nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka idan an cika ta da iskar da aka ƙayyade mata: 112 na nufin kilo 1,120. Lamba 108 kilo 1,000 ce cif, 110 kilo 1,060, 116 kilo 1,250, 118 kilo 1,320, 120 kilo 1,400, 121 kilo 1,450. Harafin ƙarshe na gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180. Wannan ba ya damun mai jan tirela, don wanda zai kai ko kusa da nan da tirela a baya, ba taya ce matsalarsa ba.

Idan ka ga lambobi biyu, kamar 110/108, ta farko ita ce taka. Ta biyun ta motar da ke da taya bibbiyu ce a kowane gefe na baya, irin su Canter da Dyna.

Tayoyin da za su shiga wilin a-kori-kura iri uku ne, kuma a ido ba su da wani bambanci sosai. Akwai ta ƙananan motoci da jif, wadda ko dai a fara rubutunta da P, ko a bar shi ba harafi. Akwai mai C a bayan girman wili, kamar 205R16C da ke zuwa a ƙafar Hilux ta aiki, ko 195R15C ta Hiace. Sannan akwai mai LT, kamar LT265/70R17 ko LT245/75R16, wadda ita ce ake sa wa manyan a-kori-kura na Amurka irin su Ford F-250 da Ram 2500 tun daga masana'anta.

Ta farkon tana da daɗin hawa. Gefenta taushi ne, tana shanye gargada, ba ta da nauyi, ba ta cin mai, ta fi arha. Idan motarka ta zuwa ofis ce a Dutse, sai ran Asabar ka leƙa gona ka ɗauko buhu biyu, ita ce taka, kada wani ya ruɗe ka. Amma wannan taushin da ke ba ka daɗi shi ne ajalinta a ƙarƙashin lodi. A Amurka ma ƙa'ida ce, idan aka sa irin wannan taya a motar ɗaukar kaya sai a raba nauyinta da 1.1. Wato 112 ɗin nan ta sauko daga kilo 1,120 zuwa kusan 1,018.

Mai C da mai LT 'yan gida ɗaya ne: jiki mai kauri, gefe mai tauri, kuma suna karɓar iska mai yawa. Su ne masu shago ke kira fulai shida, fulai takwas, fulai goma. A jikin taya za ka ga 6PR, 8PR ko 10PR, a mai LT kuma sau da yawa harafi ne: C daidai da shida, D takwas, E goma. Kada ka ɗauka idan aka yanka fulai goma za a ƙirga shimfiɗa goma. Suna ne da ya samo asali tun zamanin da ake yin taya da zaren auduga, yanzu ma'aunin ƙarfi ne kawai. Abin da ya raba su a aikace shi ne iyakar iska: yawanci shida tana tsayawa a 50, takwas a 65, goma a 80.

Yanzu mu yi lissafin da kawu bai yi ba. A ce bayan motar, ba kaya, yana danna ƙasa da kilo 900. Ka loda buhun taki goma, kilo 500 ke nan, kusan duka a kan ƙafar baya, wato tayoyin baya biyu. Ka ɗaura tirela mai nauyin tan biyu da rabi. Tirelar da aka loda daidai, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta kan sauka a kan ƙugiya, mu ce kilo 250. Amma da yake ƙugiyar tana bayan ƙafar baya, tana ɗaga gaban motar tana danne bayan, sai abin da ya isa ƙafar baya ya haura 300. Jimla ta kai wajen 1,700, kowace taya 850. Har nan duk nau'in ukun za su ɗauka. To amma wa ke tsayawa a buhu goma ranar da taki ya samu? Mayar da shi ashirin: kowace taya ta doshi kilo 1,100. Tayar jif ta wuce iyakarta, 110 ma ta wuce. Kuma titi ba a miƙe yake ba, kaya ba sa zama daidai, kullum akwai gefen da ya fi shan wuya. Shi ya sa nake ganin ya kamata lambar tayarka ta bar maka rarar akalla kashi ɗaya cikin biyar a kan lodin da ka san kana yi da gaske, ba wanda kake faɗa wa jami'an hanya ba.

Gargaɗi ɗaya a nan. Fulai goma ba ta mayar da Hilux ta zama Canter. Akwai ƙaramin allo a jikin motar, galibi a ginshiƙin ƙofa ko cikin gidan inji, da ke faɗin iyakar abin da kowace ƙafa za ta ɗauka. Sifirin, birki, boris da wili duk suna nan yadda suke. Wanda ya sa taya mai ƙarfi ya ƙara lodi, ya dai ɗauke matsalar daga taya ya mayar da ita kan ƙarfe.

Maganar iska

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi, kuma a nan ne fulai goma take cin amanar wanda bai san ta ba. Ba roba ce ke ɗaukar kaya ba, iskar da ke ciki ce. Ɗauki LT265/70R17 mai fulai goma. A iska 80 tana ɗaukar kilo 1,450. A 65 ta koma 1,320. A 50 ta koma 1,120. A 35 kuwa kusan 860 ne kawai, wato ƙasa da abin da tayar jif mai girmanta ke ɗauka a wannan iskar. Mutum zai kashe kuɗi ya sayi fulai goma, ya je wurin mai faci a ba ta talatin da biyar irin yadda ya saba, ya tafi yana ganin ya yi maganin abin, alhali ya koma baya. Ga ta da kauri, kauri kuma yana riƙe zafi.

Yadda abin yake faruwa shi ne, taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a gefe duk juyi ɗaya. Ka lanƙwasa waya da hannu sau ashirin ka taɓa wurin, za ka ji zafi. Haka gefen taya yake yi sau ɗaruruwa a minti ɗaya, a kan kwaltar da ko silifas ba ya son ta a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari kansa ke haura maki 40. Roba ta fara rabuwa da waya, ta niƙe daga ciki. Baƙin garin da dattijon nan ya nuna mana ke nan. Direbobinmu da yawa sun yi imani cewa yawan iska ne ke fasa taya da rani, har wasu kan tsaya a hanya su sassauta bawul idan suka ji taya ta ɗau zafi. Ƙaruwar huɗu zuwa shida a geji bayan tafiya ba komai ba ce, an yi tayar da sanin haka. Idan ka rage ta tana da zafi, gobe da asuba za ka tashi da tayar da ba ta da isasshiyar iska, ka sake lodi a kanta.

A auna iska da safe kafin mota ta motsa. Kuma ka sayi gejinka, ka ajiye a aljihun mota. Na taɓa auna taya ɗaya a wurin masu faci uku a rana ɗaya, uku suka ba ni amsa uku. Wasu ma ba geji, ƙarfe suke buga mata su saurari ƙara.

Abu biyu kuma da ba a cika faɗa ba. Bawul ɗin roba na yau da kullum iyakarsa wajen 65 ne, don haka mai niyyar kaiwa 70 ko 80 sai ya nemi na ƙarfe ko na musamman mai jure iska. Wili ma yana da iyakarsa. A kan Hilux ko L200 ko D-Max da wuya ka buƙaci 80. Tsakanin 50 da 60 a baya idan an yi lodi yakan wadatar, gaba kuma ƙasa da haka. Ranar da ba kaya ka rage bayan, in ba haka ba motar za ta riƙa tsalle kamar jaki ya ga kura, tsakiyar tayar ya cinye, duk wanda ke kujerar baya ya sauka da ciwon ƙugu. Wannan shi ne kuɗin da ake biya wa fulai goma kullum: tauri, nauyi, da ɗan ƙarin shan mai. Shi ya sa ga matsakaiciyar a-kori-kura na fi karkata ga fulai takwas idan akwai ta a girman wilinka. Goma ta dace da mai jan tankin ruwa na lita 2,000 ko shanu kowane mako, da masu manyan motocin Amurka, waɗanda su kam ba su da zaɓi: ƙasa da abin da masana'anta ta sa musu ganganci ne.

Zane: kwalta, burji, yashi, taɓo

Sai yanzu muka zo kan haƙori. Zane uku ne a kasuwa. H/T ta kwalta ce, layukanta a jere, ramukanta ƙanana. A/T ta ko'ina ce, gaɓoɓinta sun fi girma, kafaɗarta ta fi ƙarfi. M/T ta taɓo ce, mai manyan haƙora da wagegen fili a tsakaninsu, ita ce ke sa mota ta yi kwarjini a ƙofar gida.

Wanda aikinsa daga Dawanau zuwa Gumel ne, ko ɗaukar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa cikin birni, ko jan tirelar dabbobi zuwa Wudil ran Juma'a, tafiyarsa kusan duk a kwalta take. H/T mai C ko LT ita ce mafi dacewa da shi, ko da yake ba ta da kyan gani. Robar da ke taɓa titi ta fi yawa, don haka birki ya fi kamawa. Ba ta ɗaukar zafi kamar sauran, ta fi daɗewa, kuma tirela ba ta kaɗa bayan motar sosai domin gaɓoɓin zanen gajeru ne, ba sa lanƙwasa. Michelin Agilis da Bridgestone Duravis irin wannan aikin aka yi su domin shi. Raunin H/T yana fitowa ne ran da aka yi ruwa ka sauka daga titi.

M/T kuma akasin haka. A fadamun Auyo, Guri da Kirikasamma, ko cikin gonakin shinkafar Kura da Bunkure a watan Agusta, inda laka ke manne wa taya har ta koma sumul kamar faranti, ita kaɗai ce ke tofar da taɓon ta sake cizo. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma ka tambayi kanka kwana nawa ne a shekara. Sauran watannin za ta yi ta kuka a kwalta tun daga nesa, ta sha mai, ta ɗau zafi, ta cinye a karkace kamar haƙoran zarto, kuma da tirela a baya za ka ji motar tana iyo. A jiƙaƙƙiyar kwalta birkinta ya fi na sauran tsawo. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne a yashi ma ba gwana ba ce. A jigawar Maigatari, Babura da Sule Tankarkar, inda ake shiga ƙauyuka ɗauko riɗi da zoɓo, tayar da ke tona ƙasa kabarinta take tonawa. Yashi yana son tayar da za ta kwanta a kansa, ba mai haƙa ba. Maganinsa rage iska, a bi a hankali, a mayar da iskar da zarar an hau titi. Mai shiga irin waɗannan wurare ya fi buƙatar ƙaramin injin iska mai aiki da batirin mota fiye da manyan haƙora. Da cikakken lodi kuma ba a rage iska da yawa, gara a yi sawu biyu.

A/T ita ce ta yawancinmu, domin yawancinmu rabi da rabi muke yi: kilomita sittin a kwalta, goma sha biyar a burji, biyar a gefen gona. Inda ta fi H/T ba wai cizo kaɗai ba, har da jure tsakuwar marmara da ke tsinke roba, da ƙayar aduwa da bagaruwa, da kututturen dawa da masara bayan girbi, wanda ya fi ƙusa mugunta don a gefe yake shiga. Sai dai A/T ma suna suka tara. Akwai masu sauƙin zane irin Dunlop Grandtrek da Yokohama Geolandar, akwai masu kaurin kafaɗa irin BFGoodrich KO2. Mai jan tirela ya ɗauki mai matsattsen zane. Kuma a kula, A/T da yawa a kasuwa tayoyin jif ne da aka yi wa zanen jarumta. Idan babu LT ko C a jikinta, haƙoran ado ne. Tamu da ta fashe A/T ce.

Tayar nailan, wato wadda ba ta da waya, har yanzu ana samunta a 7.50-16, kuma tsofaffin direbobin Land Cruiser suna yabon taurin gefenta a daji. Suna da hujja. A doguwar kwalta da lodi kuwa ta fi saurin zafi da saurin cinyewa. Abin da ba a yi shi ne haɗa nailan da mai waya a mota ɗaya, balle a ƙafa ɗaya.

Ƙara girman taya ma jaraba ce da ke kama samari. Daga 265/65R17 zuwa 285/70R17 tsayin taya ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari. Ƙarfin jan motar ya ragu da kimanin haka, kulochi ya ƙara shan wuya wajen tashi da tirela, birki ya ƙara nisa, kuma agogo na nuna 100 kana kan 107. Wili mai inci 20 da siririyar taya kuwa, ramin farko a hanyar ƙauye zai ba ka amsa. Ga mai lodi, ƙaramin wili da doguwar taya shi ne daidai.

Sabuwa mai tsada, sabuwa mai arha, ko 'yar Beljiyam

Da can ana yin taya a ƙasar nan. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Legas a 2008. Tun daga nan kusan duk tayar da ke ƙafar motocinmu daga waje take, farashinta kuma yana bin dala. Don haka ba zan kawo farashi ba, na yau ba na gobe ba ne.

Kasuwar dai hawa uku ce. Sama akwai su Michelin, Bridgestone, Goodyear da BFGoodrich. Tsakiya akwai irin Maxxis ta Taiwan da GT Radial, da na Indiya irin MRF da CEAT. Sai na Chana, su Triangle, Westlake da Linglong, waɗanda manyan kamfanoni ne, ba a haɗa su da tayoyin da ba wanda ya taɓa jin sunansu. Lissafin gaskiya shi ne a raba kuɗin taya da kilomitar da ta yi. A kwalta mai tsada takan rama kuɗinta, domin tana kaiwa ƙarshen zanenta. Amma a nan ra'ayina ya saɓa da na masu cewa kullum a sayi mafi tsada. Idan hanyarka ta ƙaya da kututture ce, tayarka ba tsufa ke kashe ta ba, yanka ne. Kututture bai san Michelin ba. Wanda ke rasa taya ɗaya ko biyu a shekara ta hanyar yankan gefe, gara ya sayi matsakaiciya mai cikakkiyar lamba guda biyar, da ya sayi mai tsada guda huɗu ya bar safaya sanƙo. Sabuwar ta Chana mai 120 ta fi ta Faransa mai 112 a ƙarƙashin tirela.

'Yar Beljiyam kuwa, ga motar lodi, ban ga hujjarta ba. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da aka haramta shigowa da su, kwastan da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON suna kama su, amma wannan ba shi ne babban dalilina ba. Dalilina shi ne ba ka san tarihinta ba. Ana cusa uku ko huɗu cikin juna don su shiga kwantena, wayar bakinsu ta lanƙwashe. Wasu tayoyin hunturun Turai ne, masu taushin roba da ƙananan tsage-tsage birjik a zanensu, an yi su don ƙanƙara, ka kawo su kwaltar Haɗeja. Wasu kuma an sake yanka musu zane da wuƙa mai zafi har an kusa taɓa waya. Araha ba ta ado, balle ta ja tan biyu.

Sabuwa ma a duba ranar haihuwarta. A gefe ɗaya na tayar, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Jami'an kiyaye haɗurra na FRSC sun sha faɗa cewa shekara huɗu ce rayuwar taya daga ranar da aka yi ta. Michelin kuma na cewa bayan shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. A rana irin tamu, da lodi irin namu, na fi kusa da lissafin FRSC, ko ba komai su za ka haɗu da su a hanya. Taya da ta yi shekara biyu a shago, musamman wadda aka jera a waje rana na dukanta, ba sabuwa ba ce, komai ƙyallin ledarta. Idan wurin lambobin ya yi kamar an goge ko an manna, ka bar shagon.

Faci kuma yana da iyaka. Hujin da ke kan zane, wanda bai wuce milimita 6 ba, ana gyara shi daga ciki ya zauna lafiya. Yankan gefe ko kumburi irin ƙullutun nan, ko an yi facin wuta, wannan tayar ta gama aikin titi. Cusa tif cikin tubiles don a rufe aibi ƙarin zafi ne kawai.

Ita tirelar fa?

Ita ce marainiyar. Duk tayar da mota ta gaji da ita, sai a ce a kai wa tirela. Ga ta a rana wata shida ba ta motsa ba, gefen tayoyin ya tsattsage, sai ran girbi a ɗora mata tan biyu. Tirela mai ƙafa ɗaya, wato mai taya biyu, da ke ɗauke da kilo 2,500, idan ka cire abin da ke kan ƙugiya, kowace taya na ɗauke da fiye da kilo 1,100, wato ta fi ta motar shan wuya. Ita ma C ko LT take so, da cikakkiyar iska. Yawancin tirelolin walda kuma ba su da birki, alhali masu ƙera motocin nan kilo 750 kawai suka yarda a ja ba birki. Tan uku da rabi da ake faɗa wa sababbin Hilux na tirela mai birkinta ne. Idan tirela ba ta da birki, duk tsayawar tana kan tayoyin motar huɗu, wanda shi ma dalili ne na ƙin M/T da ƙin barin zane ya kai alamar ƙarewar taya ta milimita 1.6 da ke cikin ramukansa. Mai ja da damina ya canza tun zane na wajen milimita 3. Kaya masu nauyi su zauna a kan ƙafar tirela ko ɗan gabanta kaɗan. Idan suka koma baya, tirela za ta fara rawa da wutsiya, babu tayar da za ta hana.

Kawu dai bai bi shawarata duka ba. Na so ya koma wili 16 da fulai takwas, ya ce ba zai sayi wili biyar saboda taya ɗaya ba. Ya sayi LT mai sauƙin zanen A/T, matsakaiciyar kuɗi, guda biyar, 'yan wata bakwai da yi, aka canza bawul duka. Tsofaffin ukun da suka rage ya sayar wa wani mai jif a Ringim. Baya 55 idan da lodi, 40 idan babu. Gejin yana cikin aljihun mota, an ɗaure shi da zare saboda yaron mota. Direban har yanzu yakan yi gunaguni cewa motar ta yi tauri, kuma ranar Alhamis da ta wuce, kafin mu kama hanyar Maigatari, na kama shi tsugune a ƙafar baya da tsinken ashana a hannu.